TARIHI: Daniel Palmer, uban masu gyaran ƙashin baya, da bashin da ya bar wa majiyyata

A watan Satumba na 1895, a wani ofis da ke saman bene a garin Davenport na jihar Ayowa a Amurka, wani mai magani ɗan shekara 50 ya ɗora hannu a gadon bayan mai sharar ginin, ya danna wata gaɓa da ƙarfi. Mai maganin, Daniel David Palmer, ya ce da wannan dannar ce kunnen mutumin ya buɗe, bayan ya shekara 17 ba ya ji sosai. Mabiyansa sun riƙi ranar 18 ga watan a matsayin ranar haihuwar kairofraktik, wato sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu, wadda a yau take da makarantu da hukumomi da dokoki a ƙasashe da dama.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kwana a Diko ko Suleja, ya yi sammako ya bi ta Madalla da Zuba da Kubwa zuwa Sakatariya, ya wuni a kan kujera, ya sake faɗawa cunkoso da yamma, ba sai an ba shi labarin ciwon baya ba. Idan abin ya matsa, yakan nemi mai tausa, ko mai ɗori, ko ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke tallar gyaran ƙashin baya a intanet. Ko wurin wa ya je, tambayar ɗaya ce: me wannan hannun zai iya, me ya fi ƙarfinsa, kuma wa ke da alhakin faɗa masa gaskiya kafin a taɓa jikinsa? Rayuwar Palmer ta nuna yadda sana'a kan girma tana kare mai yin ta, sai daga baya a tuna da haƙƙin wanda ake yi wa aikin.

Daga kiwon zuma zuwa maganaɗisu

An haifi Palmer a ranar 7 ga Maris, 1845, kusa da birnin Toronto na Kanada, ya kuma tashi a garin Port Perry. Karatunsa na aji bai yi nisa ba. A 1865, shekarar da yaƙin basasar Amurka ya ƙare, shi da ƙanensa suka tsallaka iyaka neman abin yi. Shekara ashirin da suka biyo baya ya yi su ne yana sauya sana'a. Ya koyar a makarantun ƙauye, ya yi kiwon zuma, ya yi noman 'ya'yan itace, ya buɗe kantin kayan masarufi a wani garin masu haƙar kwal mai suna What Cheer. A can aka haifa masa ɗa, Bartlett Joshua, a 1882, wanda duniya ta fi sani da B.J., mahaifiyar yaron kuwa ta rasu yana ƙarami.

Wajen 1886 Palmer ya koma wani nau'in magani da ake yayi a lokacin, wanda ake dangantawa da maganaɗisu. Masu yin sa sun ɗauka akwai wani ƙarfi da ke gudana a jikin ɗan Adam, kuma mai baiwa zai iya daidaita shi ta hanyar shafa wurin da ke ciwo. Da wannan sana'a ya zauna a Davenport, a bakin kogin Misisifi, ya yi kasuwa har ya kama ɗakuna da yawa yana kwantar da marasa lafiya.

Masu zuwa wurinsa suna da hujjarsu. Aikin likita a Amurka ta ƙarni na 19 bai gama rabuwa da zubar da jini da magungunan gudawa masu ɗauke da guba ba, kuma makarantun likita da yawa kasuwanci ne kawai, kamar yadda rahoton Abraham Flexner na 1910 ya fallasa, abin da ya jawo aka rufe da dama daga cikinsu. Wanda ya sha wahala a hannun irin waɗannan likitoci, idan ya samu mai sauraronsa, mai taɓa shi da hannu ba tare da wuƙa ko ɗaci ba, dole zuciyarsa ta karkata. A jihar Mizuri da ke maƙwabtaka, Andrew Taylor Still ya riga ya buɗe makarantar gyaran ƙashi tasa a 1892, shi ya sa almajiransa suka daɗe suna zargin Palmer da kwaikwayo.

Rabin sa'a da Harvey Lillard

Sunan mai sharar Harvey Lillard, baƙar fata ne Ba'amurke. A ruwayar Palmer, Lillard ya shaida masa cewa yana aiki a duƙe a wani matsattsen wuri ya ji wani abu ya motsa a bayansa, daga nan jinsa ya ɗauke. Palmer ya laluba, ya ce ya taras da gaɓar da ta goce a saman baya, ya yanke cewa idan ya mayar da ita ji zai dawo. Shi da kansa ya rubuta cewa sai da ya yi rabin sa'a yana lallashin mutumin kafin ya amince.

Iyalan Lillard sun ba da wata ruwayar dabam. 'Yarsa ta ce mahaifinta yana ba wani abokinsa labarin ban dariya ne a bakin ofishin, Palmer ya fito ya ji ƙarshen labarin, ya buga masa littafi a baya cikin raha, bayan 'yan kwanaki mahaifin nata ya ce yana jin kamar kunnensa ya yi sauƙi.  Masana ƙirar jiki kuma sun nuna cewa jijiyar ji tana tashi ne daga cikin kunne ta shiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ba ta ratsa ƙashin baya ko kaɗan.

Wannan rabin sa'a ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Lillard ya amince, amma da me ya amince? Mutumin da ke lallashinsa mai haya ne a ginin da yake wa shara, a zamanin da baƙar fata ba ya iya ce wa farar fata a'a cikin sauƙi. Abin da za a yi masa, a faɗar Palmer kansa, ba a taɓa yi wa kowa irinsa ba, saboda haka babu wanda ya san haɗarinsa, balle a faɗa masa. Lallashi dabam, sanarwa dabam. Mai lallashi ya riga ya san amsar da yake so, mai sanarwa kuwa yakan shimfiɗa amfani da haɗari, ya bar mai jiki ya zaɓa. Lillard ya koma birnin Seattle daga baya, ya rasu a can a 1925, sunansa na cikin kowane littafin tarihin sana'ar, amma muryarsa kusan babu.

Daga mutum ɗaya zuwa dukan cututtuka

Ba da daɗewa ba Palmer ya ce ya yi wa wani mai ciwon zuciya irin wannan aikin, ya samu sauƙi. Daga waɗannan mutum biyu ya gina ƙa'ida mai faɗi: tunda kurumta da ciwon zuciya, da ba su da dangantaka, duk sun ji magani ɗaya, to asalin cututtuka ɗaya ne. Ya koyar da cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar gaɓoɓin ƙashin baya suke, domin gaɓar da ta goce tana danne jijiya, ta hana wata basirar halitta da ke cikin jiki isa ga sassansa. Wani limamin coci da ke cikin majiyyatansa, Samuel Weed, shi ya taimaka masa ya haɗa sunan sana'ar daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar hannu da aiki.

A 1897 ya buɗe makaranta a Davenport, inda ɗalibi kan yi 'yan watanni ya fita da takardar shaida. Wanda ya yarda cewa cuta daga ƙashin baya take, ba zai ga amfanin neman ta a wani wuri ba. Don haka Palmer ya raina batun ƙwayoyin cuta, ya yi adawa da allurar rigakafi, a daidai lokacin da binciken Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus ke bayyana musabbabin tarin fuka da kwalara da sauransu. Makonni kaɗan bayan abin da ya faru da Lillard, a Nuwamba 1895, Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hanyar duba da'awar Palmer ta zo kusan tare da da'awar, sai dai shi ya riga ya gama yanke hukunci.

A nan ne matsalar ɗa'ar aiki ta samo tushe. Mai ciwon baya da aka danna wa gaɓa ya ji sauƙi bai yi asara ba. Amma mai tarin fuka, ko mai ciwon daji, ko yaro mai maƙarau, idan aka ce masa cutarsa gocewar ƙashi ce, an ɗauke masa lokacin da zai nemi magani na gaskiya. Haƙƙin farko na majiyyaci shi ne a faɗa masa iyakar abin da mai magani zai iya, ƙa'idar Palmer kuwa ba ta san iyaka ba.

Kwana 23 a kurkuku

A 1906 aka gurfanar da Palmer a kotun gundumar Scott bisa laifin yin aikin likita ba da lasisi ba. Dokar Ayowa ta lokacin tana ɗaukar duk wanda ya yi shelar warkar da cuta a bainar jama'a a matsayin mai aikin likita, Palmer kuwa ya cika takardun tallarsa da irin wannan shela. Aka ci shi tarar dala 350. Ya ƙi biya, ya zaɓi zaman kurkuku don ya nuna an zalunce shi, amma bayan kwana 23 aka biya tarar ya fito. Ya taras makarantar ta koma hannun ɗansa B.J., suka rabu baram-baram, aka biya uban dala dubu biyu da ɗoriya a matsayin kasonsa, ya bar garin.

B.J. ya fi mahaifinsa sanin kasuwa da shari'a. A wannan shekarar ya jagoranci kafa ƙungiyar da babban aikinta shi ne ɗaukar wa mambobi lauya idan an kama su. A 1907 aka gurfanar da wani ɗalibin makarantar ɗan asalin Japan, Shegataro Morikubo, a garin La Crosse na jihar Wiskonsin, lauyansa Tom Morris ya yi nasara da hujjar cewa kairofraktik fanni ne mai zaman kansa da falsafarsa, ba reshen aikin likita ba ne. Daga nan masu sana'ar suka sauya harshe. Suka daina cewa suna gano cuta, sai dai suna nazarin ƙashin baya. Suka daina cewa suna magani, sai dai suna daidaita gaɓa. Wannan sauyi ya tsare su daga alƙali, amma majiyyacin da ya shigo da ciwonsa yana nan yana zaton an duba cutarsa an kuma yi masa magani.

Ƙarshen uban sana'a

Palmer ya yi ta yawo, daga Oklahoma zuwa Portland ta jihar Oregon, yana buɗe makarantu suna rushewa. A Portland ya wallafa babban littafinsa a 1910, mai shafi kusan dubu, wanda ya cika da suka ga ɗansa da sauran almajiransa. A rubuce-rubucensa na ƙarshen rayuwa ya ce ilimin ya zo masa ne daga ruhin wani likita da ya riga ya mutu, mai suna Jim Atkinson. A wata wasiƙa ta 1911 har ya kawo shawarar a mayar da sana'ar addini, shi ya zama shugabansa, domin dokar da ta kare 'yancin addini ta hana hukuma taɓa su. Duk dabarun da ya yi tunani a kansu na kare mai aikin ne daga doka.

A watan Agusta na 1913 ya koma Davenport lokacin wani jerin gwanon tsofaffin ɗalibai, ya nace sai ya shige gaba da ƙafa. Wasu sun ce motar da B.J. ke tuƙawa ta buge shi, wasu sun musanta. Ya rasu a Los Anjeles a ranar 20 ga Oktoba, 1913, yana da shekara 68. Abokan hamayyar B.J. sun nemi a tuhume shi da kisan mahaifinsa, amma masu tantance ƙara ba su ga hujjar gurfanar da shi ba. Takardar shaidar mutuwa ta ce zazzaɓin taifod ne ajalinsa, cutar da aka gano ƙwayarta tun 1880, wadda rundunar sojan Amurka ta wajabta wa dakarunta allurar rigakafinta tun 1911.

Yadda doka ta waiwayi majiyyaci

A shekarar da ya rasu jihar Kansas ta zama ta farko da ta yi dokar ba masu sana'ar lasisi, Luwiziyana ta zama ta ƙarshe a 1974. Likitoci ma ba su fita da hannu mai tsabta ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta kafa kwamiti a 1963 don murƙushe sana'ar, ta hana mambobinta hulɗa da masu yin ta, har a 1987 wata alƙaliyar kotun tarayya, Susan Getzendanner, ta same ta da laifin haɗa baki don kashe kasuwar abokan hamayya. Alƙaliyar ta bayyana cewa hukuncinta bai shafi ingancin ƙa'idar Palmer ba. Faɗa ne tsakanin masu sana'a biyu a kan majiyyaci, shi kuwa yana gefe.

Haƙƙinsa ta wata ƙofar ya shigo. A 1914, watanni kaɗan bayan rasuwar Palmer, alƙali Benjamin Cardozo na Niyok ya yanke cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon yanke abin da za a yi da jikinsa. Daga wannan tushe aka gina ƙa'idar cewa amincewa ba ta inganta sai an sanar da mutum haɗari da amfani da sauran hanyoyin da ke akwai.

Bincike kuma ya tace da'awar Palmer, ya bar abin da ya tsaya. Danna ƙashin baya yana kawo sauƙi matsakaici ga ciwon ƙugu da ƙasan baya, kwatankwacin abin da motsa jiki da gashin ƙashi ke kawowa, shi ya sa a 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin hanyoyin da za a iya gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. Babu ingantacciyar hujja cewa yana maganin asma ko hawan jini ko ciwon kunne. A 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya ta gargaɗi masu rajista da ita cewa bincike bai goyi bayan danganta cututtuka da gocewar gaɓa ba. Murɗa wuya kuwa an danganta shi da tsagewar jijiyar jini mai kai wa ƙwaƙwalwa, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma a 2014 ƙungiyar masana zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da majiyyaci kafin a taɓa wuyansa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 sun lissafa yanayin da ba a danna ƙashi sam, ciki har da karaya, da ƙari, da tarin fuka na ƙashin baya.

Abin da ke hannun majiyyaci a nan gida

Mutanen Arewa sun san tsadar amincewar da ba a nema yadda ya kamata ba. Shari'ar da ta biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ta ta'allaƙa ne a kan ko an sanar da iyaye abin da ake yi wa 'ya'yansu. Tun kafin wannan, malaman fiƙihu sun daɗe da hukunta cewa wanda ya yi magani ba da sani ba, ya jawo ɓarna, shi ke da lamuni.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dokta John Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa mai ba da kulawa ya bayyana wa majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙi, cikin harshen da yake fahimta. Sashe na 26 ya kare sirrinsa, na 30 ya ba shi damar kai ƙara. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata guda 12 a Abuja. Masu gashin ƙashi da masu kairofraktik kuwa suna ƙarƙashin hukumar rajista ta MRTB, wadda aka kafa da doka a 1988.

Saboda haka ma'aikacin da bayansa ya ƙage yana da abin da Lillard bai samu ba. Yana da damar neman ganin rajistar mai aikin, ya tambayi sunan abin da ke damunsa da yadda aka gano shi, ya ji haɗarin kafin ya kwanta, ya ce a tsaya a duk lokacin da ya ga dama, ya kuma ƙi biyan kuɗin zuwa da yawa a dunƙule tun ba a ga sakamakon na farko ba. Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko ya biyo bayan haɗarin mota, wurinsa asibiti ne da hoton ƙashi, ko a Babban Asibitin Suleja, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ma'auni ɗaya ne ga mai kairofraktik da mai ɗori da likita. Nagari shi ne wanda ya san inda hannunsa ya tsaya, ya faɗa tun kafin a tambaye shi, ya tura majiyyaci gaba ba tare da jin an rage masa daraja ba. Palmer ya bar wa duniya hanyar rage ciwon baya da miliyoyin mutane ke amfana da ita, amma ya rasu bai yarda cewa tana da iyaka ba. Wanda duk ya ce da danna baya zai raba mutum da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, gadon wannan kuskuren yake ci, kuma dokar ƙasa ta ba majiyyaci ikon ya tashi ya ɗauki takalminsa.